Jika biyu a Kasuwar Dole

Ranar Alhamis da ta wuce na shiga Kasuwar Dole ta Damagaram domin sayen turaren bikin ƙanwata, kuma dattijon da na saya a wurinsa ya yi kuskure wajen ba ni canji, ya ƙara mini jika biyu. Ban lura ba sai da ɗan kabu-kabu ya sauke ni a Birni, kusa da fadar Sarkin Damagaram, na zaro kuɗi zan biya shi.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne ɗan lokacin da na ɗauka a tsaye ina lissafi: rana ta take, komawa kasuwar za ta ci kuɗin hawa sau biyu, shi kuma tsohon bai san ni ba, balle ya san gidanmu. Na daɗe ina ɗaukar kaina mai amana, ashe dai ba a taɓa gwada ni a inda babu ido ba. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, takan sa mu mayar da ko dala ɗaya ce idan mai koko ya manta, mu kuwa a lokacin muna ganin tsanani ne kawai. Muryarta ce ta juya ni, ba wata hujja da na kawo wa kaina ba.

Da na miƙa masa kuɗin na ce, "Baba, canjinku ya yi yawa." Ya ƙirga a hankali, ya dube ni, sannan ya tambaye ni ko ɗan gidan wa ne ni.