Kafin Ka Maka Hukumar Gwamnati a Kotu

Irin su ɗalibin da aka kora daga makarantar gwamnati, in za su kai ƙara, jinkiri ne ya fi cin su. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta ba mutum ya shigar da ƙara, daga ranar da aka ɗauki matakin. In sun wuce, lauyan hukuma zai miƙe ya ce lokaci ya ƙure, a kori ƙarar ba a ko taɓa gundarin maganar ba. Da yawa a "dawo gobe, ana dubawa" watannin suke ƙare musu.

Sai batun wace kotu. Zariya cike take da hukumomin tarayya, kuma ƙalubalantar matakinsu, bisa sashe na 251 na tsarin mulkin 1999, hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, wato sai an je Kaduna. Korar ma'aikaci ko dakatar da shi kuwa na kotun ma'aikata ta ƙasa ne. Lauyan da bai goge a wannan fanni ba a nan yake tuntuɓe.

Ka je wa lauya da takardar tuhuma, da amsarka, da wasiƙar hukuncin mai kwanan wata. Zai fara tambaya: an saurare ka kafin a yanke? Sashe na 36 na tsarin mulki ke nan. Wasu hukumomin dokarsu ta wajabta a aika musu sanarwar niyyar kai ƙara tukuna. Ka tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinka.