Zanzaro ne ya shaƙe babur ɗin Baba

Babur ɗin da mahaifina ya bar mini Honda CG125 ce, samfurin da aka fara ƙerawa a 1975. A zafin Garwa na watan Afrilu ta fara zubar da baƙin mai ta kowace kafa. Na canza gaskit har sau biyu, a banza.

Na tura ta wajen wani tsohon makanike a unguwarmu. Ko sifana bai ɗauka ba. Ya tsuguna, ya zaro wani ɗan tiyo daga bayan injin, ya hura, iska ta ƙi wucewa. Ashe zanzaro ne ya yi gini a ciki lokacin da na ajiye ta wata biyu a zaure.

"Ɗana, inji ma numfashi yake yi," in ji shi. Duk saukar fistan yana matse iskar da ke ƙasa inda mai yake kwance, ga hayaƙin da ke kuɓucewa ta gefen ringi. In tiyon ya toshe, matsin sai ya turo mai ta robobin da ke tare shi.

Da waya ya sakace lakar. Sannan ya kwance 'yar ragar da ke tace mai kafin famfo ya tura shi sama, ya wanke ta da fetur. Tun rasuwar Baba ban taɓa buɗe ta ba, kunya ta hana ni faɗa. Baƙin man da injin ke ɗauka ma kusan lita ɗaya ne kacal, na zuba sabo na hau.