Yadda "again" ta jawo min asarar leshi

Na daɗe ina saro yadi daga Guangzhou zuwa Kantin Kwari, ta WhatsApp, da Turancin da muka tsinta a kasuwa. Bara kafin ƙaramar Sallah na ba da odar leshi kala uku, har da ja, na biya kafin alƙalami. Ba a jima ba ja ya cika Kwari, kowa na karya farashi. Sai na rubuta wa mai kamfanin: "I don't want the red again." A wurina magana ta ƙare, na fasa ja. Ya amsa da "OK".

Kwantena ta iso, ga ja nan dila-dila, yadi ɗaya bai ragu ba.

Na kira shi ina ta faɗa, shi kuma ya turo min hoton saƙona ya ce ai bin umarnina ya yi. Ɗan ƙanwata da ke karatun Turanci a jami'a na miƙa wa wayar. Ya karanta, ya danne dariya, ya ce: "Kawu, abin da ka gaya masa shi ne nan gaba kada a sake turo maka ja. Na wannan karon bai shiga ciki ba."

A Turancin littafi babban aikin again shi ne maimaici: abu ya faru, ya kuma faruwa. Abin da muke yi da "sake" ko "ƙara" kafin aikatau, Turawa sai su jefa again a ƙarshen jimla. Amma a Najeriya mun ɗora mata wani aikin daga broka. Mutum ya ce "I no go again", kowa ya san ya fasa tafiyar, ko da bai taɓa taka wurin ba. Har masu digiri haka suke faɗa, shi ya sa babu wanda ya taɓa gyara min. Ɗan Chana kuwa a aji ya koyi nasa Turancin, bai san wannan ba.

Abin da ke ci min rai har gobe shi ne "OK" ɗin nan. Da ya tambaye ni ko wane ja nake nufi, da ba a kai nan ba. Ƙasa da uwar kuɗi na riƙa sayar da shi, wani ma bashi na bayar.

Yaron ya ce any more ce daidai a irin wannan jimlar, amma ni ko ita ban yarda da ita ba yanzu. Idan zan fasa kaya, cancel nake rubutawa, in sa lambar yadin, in sa sifili a gabanta. Sannan ba na cika kuɗi sai an turo min sabuwar takardar lissafi na duba da idona babu kayan a ciki.