Ranar da na ga cikin babbar riga a waje

Asabar, sha ɗaya saura na dare. An ɗauke wuta, da hasken waya nake rubutu, don na san in na bari sai gobe wani abin zai kuɓuce mini.

Tun Laraba ɗiyar yayana take bibiyata: "Gwaggo, ke da kike ɗinki shekara da shekaru, ya kamata ki zo ki ga wannan." Wasu matasa masu zayyana tufafi ne suka haɗa baje koli a wani ɗakin taro da ke GRA a nan Katsina. Na rufe shago bayan la'asar, na bar kaya uku da ban gama ba, muka hau Napep daga Ƙofar Marusa. Ƙurar hunturu ta rufe gari, ko hasumiyar Gobarau da ƙyar ake hangowa.

A hanya ta ce mini irin ɗinkin da za mu gani ana kiransa abangad, kalmar Faransanci ce, asalinta 'yan sahun gaba na rundunar yaƙi. Wato ba kayan da za ki saya ki je biki da su ba ne, kaya ne da aka ɗinka don a gwada abin da ba a saba ba. Ta nuna mini hotunan wata 'yar Japan, Rei Kawakubo, wadda ta fara kai kayanta Paris a 1981, baƙaƙe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, har da masu huji. Ni dai wanda na sani a wannan fage Alfadi ne na Nijar, wanda ya kai baje koli cikin hamada kusa da Agadas a 1998. Shi ma a rediyo na ji labarinsa.

An shimfiɗa doguwar farar darduma a tsakiyar ɗakin, kujeru dama da hagu. Na ji daɗi da na ga duk 'yan matan da suka fito a rufe suke ruf, don da wannan fargabar na baro gida. Kayan farko ba su shige ni ba. Akwai wata riga da aka yi da buhun taki da ledar ruwa, na gane saƙon, kwatocinmu cike suke da leda, amma ɗinkin hammatar bai zauna ba, kuma ni a wurina saƙo ba ya rufe aibin ɗinki. Wata kuma an ɗora mata faifai bakwai a kafaɗa. Aka tafa, ban tafa ba.

Bayan an dawo daga sallar magariba ne abin ya faru. Wani dogon yaro ya fito sanye da babbar riga ta saƙi, rinin baba, ta sha bugu tana ƙyalli irin na turkuɗin Kura. Amma an juya cikinta waje, an kuma cire shafin. Aska takwas ɗin nan da tambarin, wato adon ɗinkin hannu da ake yi wa babbar riga, duk ta baya ake ganinsu. Ga ƙulli, ga inda zare ya ƙare aka ɗaura wani, ga inda allura ta kauce aka dawo da ita, har ragowar tawadar mai zane tana nan a jikin yadin. Tafiya yake a hankali, bakin zaruruwan suna reto.

Sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Baba ɗinkin hannu ya yi duk rayuwarsa, a zaure, riga a kan gwiwa, wata biyu ko uku yana kan guda ɗaya. Ni ce mai zura masa zare a allura tun ina 'yar firamare, don haka bayan aiki na fara sani kafin gabansa. Abin da ya fara koya mini shi ne a ɓoye bakin zare, kada mai riga ya san inda ka sha wahala. Hakimi ya hau doki ranar hawan salla, jama'a su yaba aska, babu wanda ya taɓa ganin wancan gefen. Yau ga shi an ɗaga shi a gaban mutane, fitila na haska shi, kuma wallahi kyau gare shi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Mai gabatarwa ya faɗi sunan yarinyar da ta zayyana rigar har sau biyu, kuma ta cancanta, tunaninta ne. Amma bai faɗi sunan wanda ya yi ɗinkin ba. An nuna ƙullinsa, an bar sunansa a ɓoye. Da aka tashi na kutsa na same ta, na ce: "'Yata, Allah Ya yi albarka, amma wa ya ɗinka miki?" Ta ce a gwanjo ta sayi rigar, tsohuwa ce, ta warware ta sake haɗa ta. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta koma wurin dillalin ta tambaya. Na ba ta lambata.

Na iske Baba bai kwanta ba, yana kan buzu da carbi. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai da na buɗa hoton sosai na kai masa kusa da fuska. Ya daɗe yana kallo. Na zaci zai ce an wulaƙanta riga. Sai ya sa ɗan yatsa a kan gilashin wayar yana bin layin askar, ya ce: "Wannan ba hannun yaro ba ne. Dubi yadda ya kwantar da ƙullin."

Ya ce in buɗe adaka in ɗauko masa rigarsa ta tsamiya, wadda ya ɗinka wa kansa kafin a haife ni. Na ɗauko. Ya juya ta da kansa, na riƙe masa fitila, yana shafawa yana nuna mini inda zaren ya ƙare masa, ya jira mako biyu kafin a kawo wani daga Kano. Launin ya ɗan bambanta a wurin. Shekarata 38, ban taɓa lura ba sai daren nan.