Gadi a Bauchi da jinyar Duna

Mutumin ƙasar Damagaram da ya sauka Bauchi ba ya shan wahalar harshe. Da Hausa na taso daga Magarya, da ita na yi cinikin mota a Kano, da ita na nemi masauki. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne lissafin naira bayan ya saba da sefa, sai kuma samun wanda zai tsaya masa. Ni wani ɗan garinmu mai shayi a Wunti ya tsaya mini, ya kai ni gadi wani gida a GRA.

Gidan akwai wani baƙin kare, Duna. A wajenmu kare na makiyaya ne da mafarauta, abin da ya samu ya ci. Nan kuwa Duna yana da katin rigakafi, yana da likitansa, kuma cikin aikin maigadi har da kula da shi.

Lokacin da na zo yana fama da jan gindi a ƙasa da lasar ƙarƙashin wutsiya, ga wani ƙarni kamar na ruɓaɓɓen kifi. Likitan dabbobi ya bayyana mana cewa kowane kare yana da ’yan jakunkuna biyu a gefen dubura, dama da hagu, masu tara wani ruwa da ke fita kaɗan-kaɗan idan ya yi kashi. In bakinsu ya toshe sai su kumbura, har su zama ƙurji. An sha matse na Duna suna sake cika, shi ne aka yi masa aiki aka cire su.

Jinya ta dawo kaina, kuma babbar wahalarta ƙaiƙayi. Gashin da aka aske yana tsirowa, fata tana haɗewa, zaren ɗinki yana jansa. Sai ka ga kare ya zauna, ya zabura, ya juya yana neman kai baki wurin. Likita ya sa masa wata roba mai faɗin baki a wuya, ya ce kwana 10 zuwa 14 za ta yi, har a cire zare, domin cizo ɗaya ya isa ya warware ɗinkin. Duna ya tsani robar nan. Yana karo da bango, yana kuka ƙasa-ƙasa. Hajiya ta leƙo ta ce, "Bawan Allah, cire masa ya ci abinci mana." Na ce, "Ranki ya daɗe, likita ya hana, amma bari in ɗaga masa kwanon." Na ɗora kwanon kan bulo, ya ci ba tare da an taɓa robar ba.

Duk lokacin da ya yi kashi sai na wanke wurin da ruwan da na tafasa ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. Ba a gogawa, dannawa ake da auduga a hankali, a bari ya bushe. In ƙaiƙayin ya taso da rana, nakan naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta in ɗora masa minti biyar, sai ya kwantar da kai. A kwanakin farko kashi yakan kufce masa bai sani ba. Likita ya ce hakan na faruwa bayan irin wannan aiki, galibi kuma yana wucewa, na Duna ma ya wuce.

Abin da na fi tsoro ƙuda ne. Lokacin zafi ne, kuma ƙuda in ya yi ƙwai a ciwo tsutsa ce za ta biyo. Na ɗaura tsohon gidan sauro a kan kejinsa. Masu ba da shawara kuwa ba su yanke ba: wani ya ce baƙin mai, wani ya ce a ba shi maganin ciwon jiki daga kemis. Ban yarda ba. Maganin ciwon jiki irin su ibuprofen na lalata cikin kare da ƙodarsa, baƙin mai kuma ƙazanta ce kawai a kan ɗanyen ciwo. Maganin da likita ya rubuta nake cusawa cikin nama, kullum kuma ina duba ko akwai kumburi, mugunya ko wari.

Wasu abokan gadi sun fara ja da baya da ni a sahu. Abin ya dame ni, domin baƙo ba ya son a ƙyamace shi. Na tambayi limamin unguwa. Ya ce a Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, kashinsa da jininsa ne abin wankewa, ya kuma tuna mana hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A gaban jama'a ya faɗa. Duk da haka ina sa safar hannu, na kuma ware rigar aiki dabam da ta salla.

Ran da aka cire zare, likita ya duba ya ce wa Alhaji ciwon ya haɗe tsaf, ya tambayi wanda ya yi jinyar. Alhaji ya nuna ni. A ƙarshen watan aka ƙara mini albashi, aka kuma ba ni ɗakin da ke bayan gareji, na kwaso kayana daga shagon mai shayi.