Talata: ƙas ɗin da Baba ya ji

Safiyar yau da daɗi ta fara, har na ce wa Yaya ta shirya zan dawo da wuri mu je wajen tela. Ina fitowa na sami adaidaita, hazo ya ɗan lafa, mai ƙosan bakin ƙofa ta yi min gyara ba tare da na roƙa ba. Wuta ma akwai.

Wajen ƙarfe goma aka ɗauke. Maigadi ya tayar da janareta, na sa hedifon don gwajin na'ura da nake yi kullum a ofis kafin in fara auna jin masu injin niƙa, aikin binciken da nake yi, sai ga gurnanin nan ƙasa-ƙasa, wanda na sha kawo muku ƙararsa. Wutarmu a kan 50 Hz take tafiya, wato bugu 50 cikin daƙiƙa, to in caja na jikin laftof, bugun nan yakan biyo waya ya shiga katin sauti, 'yar na'urar da ke kai sauti daga laftof zuwa hedifon, ya taho da bugun 100 da 150 Hz a bayansa. Mai sauraron waƙa ko a jikinsa. Ni kuwa da nake neman ƙaramin sautin da kunne zai iya kamawa a 250 Hz, ba zan iya aiki a kansa ba. Na zare caja, gurnani ya ɗauke ɗif. Batir a cike yake. Na ce shi ke nan, a kira Baba, dattijon mai injin niƙa da zan auna yau.

Ya shigo da garin masara a girarsa da bakin hularsa, daga kan inji ya taho kai tsaye. Sallamarsa har ɗakin Injiniya, mai kula da na'urorinmu, an ji ta. Duk masu injin niƙa haka suke magana, su a ganinsu a hankali suke yi. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya alhali bai san kowa ba, sannan na zaunar da shi, na sa masa hedifon, na ba shi maɓalli. Na ce, “Baba, da ka ji sauti, komai ƙanƙantarsa, ka danna.”

Na fara da kunnen dama a 1000 Hz yadda aka saba: in ya danna in rage ƙarfin sauti da desibel 10, in bai danna ba in ƙara 5, har mu tsaya inda jinsa ya ƙare. Ya yi ta dannawa har desibel 10, kamar mai lafiyayyen kunne. Na ce masha Allah, amma raina bai kwanta ba. Muka hau 4000 Hz, siririn sautin da ƙarar inji ke fara cin kunne a kansa, inda layin sakamakon ji na kusan duk masu injin da na auna yake faɗawa rami. Ya danna a 40. Ya danna a 30, a 20, a 10. Mutumin da sai na ɗaga murya yake amsa gaisuwata! Na yi shiru ban saki komai ba, in ga ko cinta yake yi. Bai danna ba. Na saki, ya danna nan take.

Na cire masa hedifon. “Baba, wane irin sauti kake ji? Siriri ne, irin na fito?”

“Fito kuma? A'a 'yata, ni ban ji wani fito ba. Wani ɗan ƙas yake yi, sai in danna.”

“Tun ɗazu?”

“Tun ɗazu. Ai na zaci shi ne abin.”

Na sa hedifon a kaina, na jira ɗan lokaci, na saki 4000 a can ƙasa. Ƙas. Sannan siririn sautin ya biyo baya. Na sake saki ba tare da jira ba, babu ƙas. Na jira, na saki. Ƙas. Gwajin safe sauti ne mai tafiya ba yankewa, shi ya sa abin bai nuna kansa ba. Shi kuma ƙas ba mita ɗaya yake da ita ba, wato ba a Hz ɗaya yake tsaye ba, ya haɗa kaurin sauti da siririnsa gaba ɗaya, don haka ko kunnen da ya rasa 4000 baki ɗaya zai kama shi ta ɓangaren da ya rage masa. Baba ya yi daidai abin da na ce ya yi.

Na aika aka kira Injiniya. Ya zo yana taunar goro, ya saurara sau ɗaya ya ce, “Malama, kin zare caja ko?” Na ce gurnani ne ya sa. Ya yi dariya ya ce to an gudu ba a tsira ba. Da laftof ta koma kan batir sai ta shiga tattalin wuta, tana kwantar da ƙofar USB da katin sauti ke jone da ita duk lokacin da ta ga ba a aiki da ita. Katin ya yi barci tsakanin sauti da sauti, in an tashe shi ya farka da ƙas. A sa caja a sha gurnani, a zare a sha ƙas.

Yana cikin latse-latsensa ne Baba ya jawo kujera kusa da ni. Wannan hirar ce ta hana ni sakat har yanzu.

Ya ce shi fa ba kurma ba ne, yana jin mutane sarai, maganar ce ba ya rarrabewa. In namiji babba ya yi magana a ɗaki shiru, lafiya lau. In jikokinsa ne, ko a wurin ɗaurin aure inda kowa ke magana, sai ya ga baki na motsi, murya na zuwa, kalmomin kuma sun narke. Uwargida ta ce wulaƙanci ne, yana jin ta yake share ta. Da dare kuma in gari ya yi tsit kunnensa ya dinga kuka, har yakan tashi ya leƙa waje ko wani ya bar inji a kunne. Ina sauraronsa ina jin karatun aji yana fitowa daga bakin tsoho: su s da sh da f da ts a saman mita suke zaune, su ne ke fara tafiya, wasula su rage. Shi ya sa murya ke isowa, ma'ana ta maƙale a hanya.

Sai ya nuna katin sautin da haɓa, ya ce, “To 'yata, naki injin ga mai gyara ya zo. In an gama da shi, nawa fa?” Ya taɓa kunnensa.

Amsar da na sani ita ce: can cikin kunne, a wurin da ya naɗe kamar dodon koɗi, akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke mayar da girgiza ta zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. In ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Ba allura, ba ɗigo, ba wankin kunne. Abin da ya rage shi ne na'urar ƙara ji, ita ma taimako take yi ba mayarwa ba, kuma kuɗinta ba na mai injin niƙa ba ne. Abin da na ce masa kuwa: “Baba, bari mu ga sakamako tukuna. Allah ya sawwaƙe.” Ya ce amin, ya yi murmushi irin na dattijon da ya gane an kewaye masa, ya kuma ƙyale.

A ƙa'ida ban yi laifi ba. Ba ni da sakamako a hannu, wanda na samu ma na bogi ne, kuma faɗa wa mutum makomar kunnensa aikin likita ne ba na mai bincike ba. Ƙila ma akwai dauɗar kunne ko wani abu mai gyaruwa da ya ƙaru a kai. Duk na san wannan, na maimaita wa kaina a adaidaita. Amma ni na san abin da layin nan zai nuna in ya dawo, shi ma ina jin ya sani.

Na tambaye shi wa ya bar wa inji. Ya ce ɗan autansa, wanda bai gama ƙaramar sakandare ba, yana hutu. Nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Ma'aunin da ake amfani da shi a wuraren aiki desibel 85 ne na awa 8, kuma a lissafi mai tsauri duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, a 100 minti 15 kacal. Duk rumfar da sai ka yi ihu wanda ke dab da kai yake jin ka, to ta kai iyakar ko ta haura. Na kawo maganar abin toshe kunne. Ya girgiza kai. Ya ce ya taɓa cusa auduga, sai ya daina jin masu kawo niƙa, kuma shi da kunne yake sanin lafiyar injinsa: in bel ya fara saki ko faranti ya cinye, sauti ne ke fara faɗa masa kafin ido ya gani. “In na toshe, wa zai ji min inji?” Ban sami abin cewa ba, don ba shirme ya faɗa ba.

Azahar ta gabato Injiniya bai gama ba. Na ba Baba haƙuri da kuɗin mota, na ce sai mun sake kiransa. Ya ce ba komai, aiki ai sai da lalura. Rabin yini ya tafi masa a kan ƙas.

Sauran ranar ni da Injiniya da wayoyi. Ya ɗauko guntun kebul ya haɗa mafitar katin da mashigarsa, muka naɗi abin da ke fita a manhajar naɗar sauti ta Audacity, muka faɗaɗa hoton. Ga shi ƙarara: layi a miƙe, sai wani tsini ya yi sama shi kaɗai, sannan sautina ya taso a hankali yadda na tsara shi. Da muka gwada lambobin Hausan da na naɗa don gwajin ji cikin hayaniya sai muka ga wani abin: in katin daga barci ya tashi, yana haɗiye farkon lambar farko. “Bakwai” ta fito “kwai”, “shida” ta fito “da”. Wato a gwajin sauti yana sa mai raunin ji ya zama garau, a gwajin lambobi yana sa mai lafiya ya zama mai rauni.

Mun hana kwamfutar kwantar da USB ko tana kan batir, mun ɗora ta a kan cikakken ƙarfi. Mun bar hanyar da Windows ke gauraya sautukan manhajoji, muka koma ASIO, inda manhajar ke magana da katin kai tsaye. Fayilolina a samfur 48,000 cikin daƙiƙa suke, katin kuma muka tarar da shi a 44,100, muka daidaita su. Ma'ajin da sauti ke taruwa kafin ya fita Injiniya ya ɗaga shi daga samfur 128 zuwa 512. Jinkirin da hakan zai ƙara 'yan milisakan ne, ba abin da zai dame ni. Wayifai a kashe lokacin gwaji. Na kuma gyara lambar shirin ta yadda hanyar sauti za ta zauna a buɗe daga farkon zama zuwa ƙarshe, tana tura shiru, kada katin ya ga sarari ya kwanta. Sannan Injiniya ya mayar da sautukan kwamfutar kanta kan lasifikar laftof, yana min tsiya wai wata rana saƙon WhatsApp zai faɗa kunnen wani da cikakken ƙarfi, in ƙara masa abin da ya zo aunawa.

Muka sake naɗa. Tsini ya ɓace. Sai da na yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Tunda an taɓa saituna, dole a sake daidaita ma'auni: desibel 94 a 1000 Hz a kan na'urar auna ƙara, sannan hedifon a kan kunnen ƙarfe, na'urar da ke kwaikwayon kunnen mutum don a auna abin da hedifon ke fitarwa, mita bayan mita. Kunnen ƙarfen yana kulle a ofishin Dakta, mai kula da binciken, shi kuma ya tafi taro. Na tura masa saƙo, amsarsa ta zo bayan magariba: “Madalla. Ki ware duk wanda aka auna a kan batir, a sake kiransa.” Allah ya saka wa Injiniya da ya matsa min tun farko in riƙa rubuta wuta, janareta ko batir a gefen kowane suna. Na duba littafin. Ba su da yawa sosai, ba kuma kaɗan ba ne, kuma kowannensu rumfa zai bari ya zo.

Tela dai ba a je ba. Yaya ta yi fushi, ta huce da na wanke kwanuka. Inna ta yi miyar kuka, ta kira ni daga tsakar gida ban amsa ba ina tunani, ta ce ga mai auna kunnen mutane nata ya toshe.

Gobe: kunnen ƙarfe da sassafe, in tambayi Injiniya kuɗin na'urar da ke raba wutar USB don a huta da gurnanin caja, in roƙi Dakta ya zauna da Baba da kansa ranar da zai dawo. In na taso zan biya ta kantin kayan aiki in ji nawa ake sayar da abin toshe kunne na soso. Baba ba zai sa ba, ya riga ya faɗa. Zan ce masa ya taho da ɗan autan.