Jin ƙarfi a jiki ba shi ne lafiya ba

Ƙannena, musamman ku da kuka karɓi sakamakon gwajin HIV kwanan nan a nan Zariya, ku saurari abin da na jawo wa kaina. Da na fara shan magani jikina ya dawo, na koma rumfata a kasuwar Sabon Gari, sai na ɗauka an gama. Ga kuma kunyar kada wani ɗan unguwarmu ya gan ni a layin karɓar magani. Na daina zuwa, na koma jiƙe-jiƙe. Tari ne ya mayar da ni asibiti, kuma gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda a da ba ya nuna komai, ya hau sama sosai.

Ni a tunanina aikin ƙwayar nan kawai cinye ƙwayoyin CD4 ne, wato sojojin garkuwar jiki, tunda kuwa ban kwanta ba, ai ba ta taɓa ni ba. Ashe idan ta yi yawa a jini, garkuwar jiki ba ta samun hutu. Kamar 'yan sintirin da ba su runtsa ba ne dare da rana: gajiya ta kama su, har su fara dukan mutanen gida. Tun makonnin farko cutar take lalata CD4 da ke hanji, bangon hanjin ya yi rauni, ɓurɓushin bakteriya ya riƙa shiga jini yana ƙara tayar da garkuwar. Wannan kumburi na ciki ba a jin sa, amma yana cin jijiyoyin jini da zuciya da ƙoda da hanta. Wani bincike mai suna SMART, wanda aka dakatar a 2006, ya nuna masu katse magani sun fi mutuwa, ba ma don cututtukan kanjamau kaɗai ba, har da na waɗannan gaɓoɓi.

Don haka ku san lambarku ta yawan ƙwayar cuta a jini, kada ku bar ta a fayil. Ana yin gwajin bayan wata 6 da fara magani, sai a wata na 12, sannan duk shekara. Ƙasa da 1000 a kowace mililita ta jini, magani yana aiki. Ƙasa da 200, ba za ka sa wa matarka ta hanyar kwanciya ba. Abin nema shi ne ƙasa da 50. Ko a nan ma kumburin ba ya gushewa gaba ɗaya, shi ya sa nake roƙon ku bar taba, ku riƙa auna hawan jini, tari kuma kada ya daɗe ba a duba tarin fuka ba.

In kunya ce matsalar, ku faɗa wa ma'aikacin lafiya kai tsaye. Ana iya ba ku maganin wata 3 ko fiye a lokaci guda, ko a mayar da ku wani asibitin da ba a san ku ba.